Kafin Ka Cika But Da Akwatin Ƙara, Tsaya Ka Ji

Maganarmu ta wannan mako ta shafi samari da direbobi masu kashe kuɗinsu wajen ɗaura wa mota lasifika, musamman masu sha'awar kiɗan jita da ganga wanda Turawa ke kira rok. Duk wanda ya san Kafanchan a ƙarshen shekara, lokacin da 'yan ƙasa ke komowa gida daga Kaduna da Abuja da Legas domin Kirsimeti da bikin Afan da ake yi a Kagoro ran 1 ga Janairu, ya san irin motar nan da ake jin dirinta tun kafin a hango ta. Gilashi na karkarwa, lambar mota na rawa, amma ko mai motar ba ya jin abin da mawaƙin yake faɗa.

Kiɗan jita ba baƙo ba ne a wannan yanki. Kafanchan mahaɗar jirgin ƙasa ce tun 1927, sa'ad da reshen Jos ya haɗu da layin da ya taso daga Fatakwal, kuma ma'aikata da fatake daga ko'ina sun zauna a cikinta da irin nasu kiɗa. A shekarun 1970 ƙungiyoyin rok na Nijeriya, irin su BLO da Ofege da Funkees, sun yi tashe a faifai da rediyo. Yau kuwa makaɗan Abzinawa na Nijar, wato Bombino da Mdou Moctar, sun kai jitar Sahara har Turai da Amurka. Masu kiɗa a coci-cocin Kudancin Kaduna ma da jita da ganguna suke aiki. To, wannan kiɗa yana da bukatarsa dabam, kuma a nan ne yawancin masu saye suke yin asara.

Ga dalili. Sauti kaɗawar iska ne, kunnen ɗan Adam kuwa yana kama daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a cikin sakan ɗaya. Tsirkiya mafi kauri ta jitar bas tana kaɗawa sau 41, ta jita sosai sau 82. Muryar mawaƙi da kukan jita da amon ƙaramar ganga duk suna sama da haka, daga ɗari zuwa dubbai. Babbar lasifikar nan ta cikin akwati, wadda samari ke kira wufa, aikinta ya tsaya ne a wajen 80 zuwa ƙasa. Ke nan kusan dukan abin da ke sa kiɗan rok daɗi yana fitowa daga ƙananan lasifikokin ƙofa. Wanda ya zuba kuɗinsa kaf a kan wufa mai inci 15, ya bar ruɓaɓɓun lasifikokin da motar ta zo da su daga Kwatano, ya sayi tsawa ya bar waƙa.

Saboda haka shawarar farko ita ce a fara da ƙofofin gaba. A nemi lasifika mai inci 6 da rabi, irin wadda ƙaramar lasifikar siririyar murya take ware, domin a ɗaura ta sama daidai kunne. A duba abin da aka yi fatarta da shi. Kudancin Kaduna ƙasar ruwa ce, damina tana da tsawo, ruwa kuwa yana bin gilashi ya shiga cikin ƙofa. Bayansa ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara. Fatar takarda mai bakin soso ba ta jure wannan. Wadda aka yi da roba, fata da baki, ita ce mai ƙarko. Sa'an nan a sa mai aiki ya ɗaure ta tamau, ya liƙa abin da zai hana ƙarfen ƙofa kwaramniya, domin gargadar hanya tana sassauta kowane noti.

Abu na biyu, kada a ruɗu da lambar da ke jikin kwali. Za ka ga an rubuta wat 1,000 ko 2,000 da manyan haruffa, alhali kuwa wannan ƙarfi ne na ƙiftawar ido. Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da lasifika za ta ɗauka tana ta aiki ba hutawa. Rediyon mota da aka rubuta masa wat 50 sau huɗu, abin da yake bayarwa a gaskiya bai wuce wajen 15 zuwa 20 ga kowace lasifika ba. Akwai kuma wata lamba da ake mantawa, mai nuna saurin amsawar lasifika: wadda aka rubuta mata desibel 91 tana ba da ƙara daidai da mai 88 da rabin wutar da waccan za ta sha. Haka nan a yi hattara da jabun kaya masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni. A sa mai kanti ya kunna maka waƙar da ka sani sarai, ka saurara ko kana rarrabe jita da murya. Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai bayan wannan ne za a zo kan wufa. Ga mai jin rok, guda ɗaya mai inci 10, ko 12 in motar babba ce, ta wadatar. Akwatinta ya zama rufaffe ruf, na katako mai kauri. Akwati mai rami yana ba da ƙara fiye da rufaffe, amma in ba gwani ne ya auna shi ba sai ya riƙa jan sauti, bugun ganga ɗaya ya shige cikin na biyu, kiɗa mai sauri ya dagule. A daidaita amfilifaya ta tura wa wufa sautin da ke ƙasa da 80 kaɗai, ta bar wa ƙofofi sauran.

Yanzu ga inda maganar ta wuce ta jin daɗi. Amfilifaya mai wat 1,000 na gaskiya tana iya jan wuta fiye da amfiya 70, dinamon da ke cajin batir a ƙananan motoci kuwa yawanci tsakanin 70 da 100 yake bayarwa, kuma da ita ake kunna fitilu da fanka da injin kansa. In ka ga fitilar gaba tana dushewa duk sa'ad da ganga ta buga, motar ce take kuka. Direban da ke hawan hanyar Manchok zuwa Jos cikin dare bai kamata ya raba wutar fitilarsa da waƙa ba. Wayar da ta taso daga batir zuwa but kuma tilas ta zama ta jan ƙarfe mai kauri, a sa mata fis kusa da batir, kada ya wuce taƙi biyu. Mai wayarin da ya ce fis ɓata kuɗi ne, a bar masa aikinsa a nemi wani, domin waya ɗaya da ta goge a jikin ƙarfe ta isa ta ƙone mota.

Sauran kunne, wanda ba a sayar da shi a Panteka. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa ƙarar desibel 85 ba a zama cikinta fiye da awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. In an kai 100, minti 15 ke nan. Mota rufaffiya mai wufa tana wuce 100 ba wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron kiɗa da ƙarfi, jijiyar ji kuwa in ta mutu ba ta dawowa. Direban haya da ke kaiwa da komowa tsakanin Kafanchan da Zonkwa ko Kwoi yini guda yake cikin wannan ƙara, tare da fasinjoji, har da jarirai a goye. Ban da haka, wanda kiɗa ya toshe wa kunne ba zai ji hon ɗin tirela ko na ɗan acaɓa ba. Tun 2009 ma Nijeriya tana da dokar hana yawan ƙara a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, kuma maƙwabci da majinyaci suna da hakki a kanmu ko babu doka.

Ma'auni mai sauƙi shi ne wannan: in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa, a rage. Kakanninmu sun ce idan ganga ta cika zaƙi, to, ta kusa fashewa. Allah Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa.