Kada a Yanke wa Batir Hukunci Ba Tare da Bayyina Ba

Duk direban da ya taɓa kama hanyar Zariya zuwa Kano bayan magariba, ya ga jar alamar batir ta kama a gabansa, fitilu suna dusashewa sannu a hankali har inji ya mutu masa a dokar daji, galibi da gari ya waye Ƙofar Ruwa zai nufa ya sayo sabon batir. Ni kuwa a nawa ra'ayin wannan hukunci ne da aka zartar ba tare da bayyina ba, kuma almubazzaranci ne, domin ba da jimawa ba sabon zai bi sawun tsohon.

Haƙiƙanin al'amari, batir rumbu ne, ba gona ba. Wazifarsa ita ce ya tayar da inji; da zarar inji ya kama, altaneta, wadda fambel ke juyawa, ita ke ɗaukar nauyin fitilu da rediyo da iyakwandishan, ita ce kuma ke biyan batir bashin da aka ci a wurinsa. Saboda haka idan wuta ta ƙare alhali mota tana cikin tafiya, wajibi ne tuhuma ta fara sauka a kan altaneta.

Shaida kuwa ba ta da wuyar samu, illa dai mun raina ta. A ɗora mita a kan batir mota tana kashe: lafiyayye, cikakke, zai nuna wajen volt 12.6. Sa'an nan a tayar da inji, a kunna fitilu. In caji yana shiga, za a ga tsakanin 13.5 da 14.5, in kuwa adadin ya tsaya a 12 ko yana ja da baya, to a duba ko fambel ya saki, ko burushin altaneta ya cinye, ko diyod ya ƙone, ko farin garin nan da ke taruwa a kan batir ya tare hanya, ko wayar da ta haɗa shi da jikin mota ta kwance.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne al'adar wasu masu gyara, ta cire kan batir inji yana aiki, wai a ga ko zai mutu. Tsofaffin Pijo sun jure wannan. Amma motar yau, wadda kwamfuta ke tafiyar da ita, wutar da za ta yi tsalle a wannan daƙiƙa tana iya ƙone mata ƙwaƙwalwa, mai mota ya zo gyaran fambel ya koma gida a ƙasa.