A Tsare Daji, Amma Da Gonar Wa?

Babu mai hankali a ƙasar Gwandu ko ƙasar Argungu da zai yi musun cewa daji yana ƙarewa. Inda kakanninmu suka san duhuwa yau fili ne fetal, iska tana kwasar rairayi tana zubawa cikin gonaki, ga kuma ambaliya irin ta 2020 wadda ta cinye shinkafar fadama tun ba a sa mata lauje ba. Saboda haka ba mu yi ƙorafi ba sa'ad da Shugaba Goodluck Jonathan ya zo Bachaka a 2014 ya buɗe aikin babbar ganuwar itatuwa, ba mu kuma yi ba da Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a 2021 domin farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Amma fa itace ba a sararin sama ake dasa shi ba. Ƙasa yake bukata, ƙasar kuwa tana da masu ita.

To, jama'a, ga yadda doka take. Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa a 1978, ta ɗauki dukan ƙasar jiha ta danƙa a hannun Gwamna a kan amana. Ba sabon abu ba ne a nan Arewa, gadon dokar Turawa ta 1910 ce da dokar Jihar Arewa ta 1962. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke haƙƙin mutum a kan gonarsa in ya ce amfanin jama'a ne ya kawo haka. Sashe na 29 kuwa shi ya faɗi abin da za a biya, a nan ne gizo yake saƙar. Ana biyan gini, da rijiya, da shinge, da itacen da mutum ya dasa, da amfanin da ke tsaye a gona. Ita kanta ƙasar, abin da ake mayarwa shi ne kuɗin hayar da mutum ya biya gwamnati a wannan shekara. Manomin da ya gaji gonarsa kaka da kakanni bai taɓa biyan haya ba, watau dai ba shi da ko anini.

Mai karatu ya duba da kyau wace irin ƙasa ce masu tsare daji suke nema. Ba sa neman inda aka yi bene. Saura suke nema wadda aka bari ta huta, da bakin fadama, da gonar da mai ita ya ƙyale gawo da kanya da tsamiya suka fito don kansu bai sare ba. Ita ce ƙasar da ta fi daraja a idon ma'aikacin daji, ita ce kuma ba ta da daraja a takardar mai ƙiyasta diyya, domin babu siminti a kanta. Ashe ke nan wanda ya share gonarsa ƙaf ya sayar da itacen ga masu gawayi ya tsira, wanda ya kiyaye itace shi ne ya jawo wa kansa. Ina talakan da zai ga haka ya sake barin tsiro a gonarsa?

Masu mulki sukan ce mutanenmu suna da taurin kai, ba su son ci gaba. Mu kuwa mun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. An gama madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, a kan Kogin Sakkwato wanda ruwansa yake gangarowa har Argungu. Aka tashi dubban mutane, aka yi ta jan ƙafa wajen diyya, da manoma suka tare hanya suna neman haƙƙinsu sai aka tura musu 'yan sanda a watan Afrilu na 1980. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, waɗansu suka ƙirga fiye da 380. Wannan labari yana cikin kunnen manoman Argungu sa'ad da suka tashi a 2008 suka ƙi aikin noman rani na Zauro, aikin da ake ta maganarsa tun 1969 a kan fadama fiye da hekta 10,000 tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Ba ruwa suka ƙi ba, sun ji tsoron a auna gonakinsu a raba wa waɗansu.

Abin mamaki, babu garin da ya kamata a koya wa kiyaye dukiyar Allah kamar a ce Argungu. Ruwan Matan Fada hana su ake yi a cikinsa har ranar biki, Sarkin Ruwa ne yake lura, masunta kuma suna bi domin sun san kifin nasu ne. Tun 1934 ake bikin nan, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ba a ƙwace wa kowa taku ɗaya ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi ma haka. Muddin itace na gwamnati ne, malamin daji yana cin tara, manoma tumɓuke tsiro suke yi tun yana ƙarami. Da aka fara koya musu renon kututture a 1983, aka kuma sakar musu ikon itacen gonarsu, sai ƙasar Nijar ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5.

Mun yarda akwai wurin da tilas gwamnati ta karɓa, kamar gaɓar da kogi ke ci ko tudun da zaizaya ta farfasa. In haka ta kama, muna kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi da majalisarta da su bi hanya. A tara mutane gaban hakimi da dagaci a nuna musu taswira kafin a kafa turke. A biya kafin a shiga, domin sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce a biya diyya ba da jinkiri ba, ya kuma ba mai ƙasa ikon zuwa kotu. Manoma su sani har wa yau, sashe na 6 na ita dokar 1978 ya wajabta wa ƙaramar hukuma ta ba manomin da aka karɓe gonarsa ta gado wata gona a madadinta, kuma mu a ganinmu fako ba ya zama madadin fadama.

Saura abu guda. Mun sha gani a biranen Arewa an karɓi fili da sunan gandun daji, bayan 'yan shekaru sai ga shi an yanka fuloti an raba wa manya. Birnin Kebbi kullum faɗaɗa take yi tun da ta zama babban birnin jiha a 1991, kwaɗayin fili kuwa yana ƙaruwa. Muna so majalisar jiha ta rubuta cikin doka cewa duk ƙasar da aka karɓa domin itace, ranar da aka fasa dasa itacen, a mayar wa mai ita ko magadansa.