Ciwon Mantuwa Mai Farawa Ta Harshe: Abin Da Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Nuna

A watan Maris na 2022 iyalan shahararren ɗan wasan siliman nan na Amurka, Bruce Willis, suka ba da sanarwar cewa ya bar sana'arsa saboda magana ta fara gagararsa. A watan Fabrairu na 2023 kuma suka bayyana cewa ciwon mantuwa ne, irin wanda ke cin gaban ƙwaƙwalwa da gefenta. Jama'a da yawa sun yi mamaki, domin abin da aka saba ji shi ne gigin tsufa da mantuwa yake farawa, watau mutum ya manta hanyar gidansa ko fuskar ɗansa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sun daɗe da sanin wani iri wanda harshe yake fara kamawa.

Tun cikin 1982 Dakta Marsel Mesulam ya ba da bayanin marasa lafiya 6 waɗanda maganarsu ke lalacewa sannu a hankali, alhali sauran hankalinsu lafiya lau. Amma wadda ta rarrabe al'amarin filla-filla ita ce Farfesa Maria Luisa Gorno-Tempini, 'yar ƙasar Italiya, wadda ta ƙware kan ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Landan, sa'an nan ta koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko. A 2004 ita da abokan aikinta suka auna marasa lafiya 31, suka gwada yadda kowannensu ke magana da hoton da na'urar maganaɗisu ta MRI ta ɗauko. Sai ga shi ciwon ya kasu uku, kowanne da wurin da yake zaizaya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa.

Na farko ya san abin da yake son faɗi, amma furtawa sai da kyar, jimlolinsa a kakkarye. Wannan ɓarnarsa tana can gaba. Na biyu magana na zuba daga bakinsa, sai dai ma'anar kalmomi ke zubewa, har a ce masa "tukunya" ya tambaya mece ce tukunya. Na uku, wanda binciken ya fito da shi fili, yakan tsaya tsakiyar zance yana lalubar kalma, kuma ba ya iya maimaita doguwar jimla; ɓarnarsa tana wajen baya. A 2011 masana daga ƙasashe dabam dabam suka amince da wannan rabo, kuma da shi likitoci ke aiki har yau.

Wannan fa ba gardamar malamai ba ce kawai. Iri na uku galibi cutar Alzheimer ce a ɓoye, sauran biyun kuwa yawanci wasu sinadarai ne dabam ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Magungunan da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a 2023 da 2024 an yi su ne domin Alzheimer kaɗai, ga tsada, ga haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa. Saboda haka likitan da ya kuskure rabon zai ɗora wa iyali hasara a banza.

Har wa yau akwai inda binciken ya fi shafar sauran duniya. A 2020 ƙungiyarta da likitocin Milan suka gwada masu Turanci 20 da masu Italiyanci 18, dukansu masu iri na farko. Masu Turanci sun fi tuntuɓe wajen furuci, saboda harshensu cike yake da baƙaƙe masu cuɗewa; masu Italiyanci kuwa gajarta jimla suke yi. Ciwo ɗaya ke nan, alamu biyu. To, ina ga harshe irin Hausa, inda karin sauti kaɗai ke raba kukan yaro da kukar miya? Gwajin da aka tsara da Turanci aka fassara shi kai tsaye ba zai kama irin wannan kuskure ba, kuma na'urar MRI, komai tsadarta, ba ta jin magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da ciwon mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Nijeriya ma ta taɓa gwada hanyar da ta dace: binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indiyanapolis, wanda aka fara a 1992 tare da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun, da Yarbanci ya yi wa tsofaffin Ibadan tambayoyinsa, a cikin gidajensu.