Kafin ka ƙara sayen kyamara, fara duba jakarka

Shekaru uku da suka wuce, a ranar Hawan Daushe a Kano, na yi asarar da har yau nake jin zafinta. Ina tsaye cikin cunkoso kusa da Ƙofar Kudu, sai igiyar jakata ta tsinke. Jakar 'yan makaranta ce da na saya a gwanjo, babu soso a cikinta ko kaɗan. Kyamarar ta tsira, amma dogon gilashin da nake ɗauko mahaya daga nesa da shi ya tsage. Sai da na yi wata biyar kafin na iya sayen wani. Ɗan jarida mai zaman kansa ba shi da ofishin da zai biya masa, in kayan aiki suka lalace, abincinsa ne ya tsaya.

Tun daga ranar nake lura da abokan sana'a. Za ka ga matashi ya tara kuɗi ya sayi Canon ko Sony ta sama da naira miliyan ɗaya, sannan ya jefa ta cikin jakar da ko kwamfuta ba za ta kare ba, ya haye babur. A ganina, wannan ganganci ne. Jaka tana cikin kayan aiki, kamar batir da katin memori.

Yanayinmu ma bai yarda da sakaci ba. Da hunturu, ƙura na bi ta kowace kafa ta kwanta a kan idon kyamara, sai ka ga ɗige-ɗige a hotunanka. Da damina kuma danshi ke haifar da fumfuna a cikin gilashi, wadda in ta daɗe ba ta goguwa. Jaka ta gari tana da soso mai kauri, da shingaye masu raba kaya don kada su riƙa gogar juna, da zif mai ƙarfi, da rigar ruwa. Ka ƙara da 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi.

Wasu za su ce jakunkunan Lowepro ko Think Tank sun yi tsada, musamman yadda dala ta tashi. Gaskiya ne. Akwai ma wata matsalar: jaka mai tambarin kamfanin kyamara tana sanar da masu ƙwace abin da ka goyo. Don haka ba dole sai ta waje ba. Ni yanzu jakar goyo nake amfani da ita, marar ado, wadda wani baduku ya ɗinka mini soso da shingaye a ciki, ya ninka ɗinkin igiyoyin. Abin da na biya bai kai rabin kuɗin ta kanti ba. Na zaɓi mai buɗewa ta ɓangaren da ke manne da bayana, ta yadda ba mai zuge ta a cunkoso ban sani ba.

Mai hawa jirgi kuma ya tuna: dokar sufurin sama ta hana sa batiran lithium na ajiya a kayan da ake aunawa, dole su kasance a jakar hannu. Saboda haka ka zaɓi jakar da za ta shiga ma'ajiyar saman kujera.

Rigakafi ya fi magani. Kafin Sallah mai zuwa, zazzage jakarka, ka ja igiyoyinta da ƙarfi, ka duba ɗinkin da zif ɗin. In ka ga zare ya fara saki, kai ta wurin baduku a yau, kada ka bari sai ranar aiki.