Kafin A Yi Mana Zancen Filasma, A Kawo Mana Wuta



Akwai masu ganin wata fasaha da ake kira filasma ce za ta raba mu da hayaƙin da muke shaƙa a Nguru da Gashuwa. Ba mu raina ilimi ba, amma a bar yaudarar kai.

Ga yadda abin yake. Idan injin dizal ya ɗauki zafi, naitirojin da oksijin da ke cikin iska sukan haɗu su zama guba mai suna naitirojin oksaid. Ba ita ce ke kashe iyali a dare ɗaya idan an kwana da janareta a ɗaki ba, wannan aikin kabon monoksaid ne. Ita a hankali take cin ƙirji, ta tayar da asma, ta bar yaro da tarin da ba ya jin magani. Masu filasma sukan bi da hayaƙin ta cikin bututu, su sakar masa tartsatsin lantarki kamar ƙaramar walƙiya, gubar ta rikiɗe yadda za a iya kama ta. Idan an zuba amoniya ma, taki ake samu. An yi makamancin haka a tashar wuta ta Pomorzany a ƙasar Folan.

To amma na'urar nan wuta take ci. Mu kuwa rashin wutar ne ya jefa mu hannun janareta. Wato mai injin niƙa zai tayar da janareta na biyu don ya wanke hayaƙin na farko? Haba jama'a!

Kuma can bututu ɗaya ne a babbar tasha. Mu namu yana ƙofar kowane shago, da zauren mai cajin waya, da bakin fadama inda injin ban ruwa ke kwana yana aiki.

Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin wannan guba zuwa maikirogiram 10 a kowace kubik mita ta iska a tsakaicin shekara. Muna da Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, ga hukumar NESREA da aka kafa a 2007. Muna kira gare su da su auna iskar kasuwanninmu da tashoshin mota, su buga sakamakon kowa ya gani. Ƙananan hukumomin Nguru da Bade su hana girke manyan injuna a jikin makarantu da asibitoci. Wakilanmu kuma su zo su faɗa mana awa nawa za mu riƙa samun wuta a rana, kuma daga yaushe.

Sakatare