Banki Ya Tashi Gida, Mai Gero Ya Kwana da Kaya

A watan Oktoban 2024, maganar da ta fi yawo a bakin masu POS, daga Legas har Dogon Daji ta ƙaramar hukumar Tambuwal, ita ce "babu netwok". Mutum ya sayar da buhun gero, mai saye ya nuna masa waya cewa kuɗi sun fita, shi kuwa alat shiru. Sai a tsaya ana kallon-kallo, kaya a ƙasa, ga magariba tana matsowa.

Mafi yawa ba laifin layin waya ba ne, bankuna ne suka tashi gida. GTBank ya kwashe bayanan masu ajiya daga manhajar Basis zuwa Finacle ta kamfanin Infosys na Indiya. Zenith ya bar Phoenix ya koma Flexcube ta Oracle. Sterling ma ya riga su da 'yan makonni, ya bar T24 ya kama SeaBaaS, wadda aka ƙera a nan Najeriya.

Ba wanda ya ce kada a sauya. In rumbu ya tsufa, gara a gina sabo kafin gara ta gama da shi. Sai dai kwashe rumbun bayanai ba kamar juye hatsi daga buhu zuwa buhu ba ne, don kowace manhaja da irin mudunta. Wata tana ajiye lambar waya a matsayin rubutu, wata ta ɗauke ta lissafi, sai ta yar da sifilin farko, 0803 ta koma 803, saƙo ya rasa inda zai sauka. Wata tana fara kwanan wata da rana, wata da wata, sai wanda aka haifa 3 ga Afrilu ya wayi gari haifaffen 4 ga Maris. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, su ɗ da ƙ da ɓ, in tsarin rubutun manhajojin biyu bai zo ɗaya ba, sai Ɗanladi ya fito da alamar tambaya a goshin sunansa. Injin bai san shi ba, ko da kuwa duk unguwa ta san kakansa.

Mutanen Tambuwal da Kebbe sun san irin wannan tun daga haɗa lambar banki ta BVN, wadda aka ɓullo da ita a 2014, da lambar ɗan ƙasa ta NIN: Muhammadu a nan, Mohammed a can, sai a ce wa mutum ya je ya gyara. Gyaran nan kuɗin mota ne da yinin gona guda, wani lokaci biyu.

Masu sana'ar kwashe bayanai sun san ƙa'ida. A ajiye kwafin tsohon rumbu a gefe, a yi gwajin ƙaurar sau da yawa da kwafi, a ƙirga asusu nawa suka fita, nawa suka shiga, a ga jimillar kuɗi ta yi daidai har kwabo, sannan a bar ƙofar komawa a buɗe in abu ya ƙi. Duk wannan yana cin lokaci da kuɗi, kuma nan ne ake yawan yin gaggawa.

Birtaniya ta ga nata a Afrilun 2018, lokacin da bankin TSB ya kwashe masu ajiya fiye da miliyan 5 zuwa sabuwar manhaja. Mutane suka kasa taɓa kuɗinsu, wasu ma suka riƙa ganin asusun wasu. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumbar shekarar. A Disambar 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65, ban da diyyar sama da fam miliyan 32 da ya biya mutane.

A nan kuwa, abin da mai gero ya gani shi ne saƙon ban haƙuri, shi ma da Turanci. Ya kamata Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa duk bankin da zai ƙaura ya nuna sakamakon gwajinsa tukuna, ya sanar da jama'a da Hausa ta rediyo, ya kuma biya diyya kan kowace ranar da kuɗin mutum suka maƙale. Ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Kebbe da Tambuwal yana da bakin da zai kai wannan magana Abuja, ya kai ta.