Ba Kwaɗayi Ne Ke Sa Ma'aikaci Kai Koke Ba

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, na ajiye labarin soyayya. Kwanaki a wata majalisa na ji wani attajiri yana cika baki, wai duk ma'aikacin da ya kai koke wurin ƙungiya, ko dai mai neman fitina ne ko makwaɗaici. Wallahi mai wannan magana bai taɓa yin awa takwas a tsaye gaban injin saƙa ba.

Mahaifina ya yi shekara 19 a wata masaƙa a Bompai. An sha zaftare masa kuɗin aikin dare, an sha tsallake shi wajen ƙarin girma, bai ce uffan ba. In Inna ta yi mita sai ya ce, "Ki bari, abincinmu na can." To me ya tunzura shi? Ranar da wani shugaban sashe, sa'an ƙanensa, ya kira shi ɓarawo a gaban yaran da shi ya koya wa aiki, a kan ƙullin zaren da daga baya aka tsinta a sito. Ni na rubuta masa takardar, ina aji uku a sakandare. Yana faɗa muryarsa na rawa, kuma ko sisi bai nema ba. Cewa ya yi a wanke shi a gaban waɗanda aka zage shi.

Duk da haka sai da takardar ta kwana uku a aljihunsa. Zafin wulaƙanci kaɗai ba ya isa, sai mutum ya tabbata akwai mai tsaya masa. Wakilin ƙungiya ne ya biyo shi har gida ya ce, "Baba, kawo, tare za mu shiga ofis." Lokacin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda aka kafa a 1978, tana da haƙora.

Sai masaƙu suka yi ta mutuwa, KTL ta Kaduna a 2002, UNTL a 2007. Wanda ya ga dubbai sun koma zaman gida, ina zai sami ƙarfin halin kai ƙara? Shi ya sa raina ya ɓaci da attajirin nan ya ƙara da cewa shi ma'aikatansa ba su taɓa kai koke ba. Na tambaye shi, "Alhaji, suna da ƙungiya?" Sai ya ce wai lokacin salla ya yi.